Maki Ukun Gida Ba Gado Ba Ne

Jama'a, yau da magana a bakina, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba, musamman abokan zamana na teburin mai shayi a nan Sabo. To amma an ce gaskiya ɗaci gare ta, don haka wanda ya ji zafi ya yi haƙuri, idan mun haɗu ranar Lahadi a bakin ƙofar fili sai ya faɗa mini tasa.

Shekaranjiya bayan sallar isha'i muna zaune ana hirar wasan da Shooting Stars za ta buga a gida, a filin Lekan Salami da ke nan Adamasingba, sai wani dattijo da muke kira Kawu ya ajiye kofinsa ya ce, "Ni fa idan yaran nan ba su zura uku kafin a tafi hutun rabin lokaci ba, a sallami kocin kawai, ya tattara komatsansa." Aka yi dariya. Na ce, "Haba Kawu, uku? Su baƙin duwatsu za a jera a madadinsu?" Ya ce, "Kai yaro ne, ai gida gida ne." Wannan bai dame ni ba, domin Kawu ya fi shekara talatin yana korar koci da baki, kuma bai taɓa jifan kowa ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganar wani matashi da ke ƙarshen benci, wanda ya ce, "Ai ko kunnen doki aka tashi, rafali ba zai fita da ƙafarsa ba." Ya faɗe ta yana murmushi kamar mai ba da labarin farashin tumatir a Bodija, kuma babu wanda ya tsawata masa. Ni ma ban tsawata ba. Bashin wannan shirun nake son biya yanzu.

Kafin in yi nisa bari in amsa tambayar da kullum ake yi mini, wai me ya haɗa Bahaushe da Shooting Stars. Mai karatu, a Sabo aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kakana ne fataucin goro ya kawo shi Badun. Unguwar nan tun 1916 take, ta girmi ƙasar Najeriya mai 'yanci da shekara 44. Daga ƙofar gidanmu zuwa Adamasingba tafiyar ƙafa ce, idan aka ci ƙwallo har tsakar gida muke jin ihu. Ina ƙaunar Kano Pillars, kuma duk ranar da take wasa da wata ƙungiya ta waje ni ma sai masu gida nake cewa, amma ƙungiyar da na tashi ina kallo da idona, wadda na tsallake katanga saboda ita har na sha bulala, ita ce mai shuɗiyar rigar nan. Wanda yake ganin wannan cin amana ne ya tuna da marigayi Rashidi Yekini. A Kaduna aka haife shi, a can ya fara da UNTL, Shooting Stars ce ta fito da shi duniya ta san shi, shi ne ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar kofin duniya a 1994, kuma a nan Ibadan ya rasu a 2012. Babu wanda ya tambaye shi takardar asali kafin a yi masa tafi, daga Kaduna har Badun.

To mu koma kan maganar Kawu. Ni dai abin da na yi imani da shi shi ne, mu 'yan kallo muna daga cikin dalilan da ke sa ƙungiyarmu ta kasa cin wasa a gida, kuma zan yi bayani dalla-dalla.

Duk wanda ya saba kallon gasar Najeriya ya san yadda baƙo yake zuwa. Ya kwana a hanya cikin bas, jikin 'yan wasa a gajiye, kuma kocinsa ya riga ya gaya musu maki ɗaya ya isa. Sai su jera huɗu a baya, biyar a tsakiya, su bar mutum ɗaya tal a gaba, yawanci wani mai gudu kamar barewa. Layukan nan biyu sai su matse kusa da juna a gaban ragarsu, su toshe tsakiya, su bar maka gefe. Mai tsaron raga ya kama ƙwallo ya kwanta a kanta, wani ya faɗi yana riƙe da cinya, a shigo da ruwa, minti biyu sun tafi. Ba su zo don su burge kowa ba. Abin da suke jira guda biyu ne: ko dai lokaci ya ƙare babu ci, ko kuma masu gida su fusata su taho gaba ɗaya, su bar bayansu a buɗe.

Yaya ake karya irin wannan katanga? Da haƙuri ake karya ta. Ana riƙe ƙwallo a ƙasa, a kai ta dama, katangar ta matsa dama, a dawo da ita baya, a juya ta hagu da sauri kafin su dawo. Ana yin haka sau goma, sau ashirin, har ƙafafunsu su yi nauyi, domin wanda ba ya da ƙwallo ya fi mai ƙwallo gudu, ga kuma ranar la'asar ta Ibadan. Ɗan gefe ya tsaya a kan layi don ya ja mai tsaron bayansu waje, lamba biyu ko lamba uku ya zagayo ta bayansa, a shiga har kusa da layin ƙarshe sannan a mayar da ƙwallo ƙasa-ƙasa ga wanda ke tahowa daga tsakiya. A tara bugun kwana da bugun tazara, a yi aiki da su. Kuma duk wannan hidima da ake yi, lamba shida da 'yan baya biyu ba sa motsawa daga wurinsu, su ne makullin gida. Sau da yawa irin wannan wasa sai bayan minti na 60 ko 70 katangar take tsagewa.

Yanzu ku gaya mini gaskiya, mu me muke yi a kan benci idan lamba shida ya juya ya mayar da ƙwallo baya a minti na 15? Ihu muke masa. Da Yarabanci ana zaginsa, da Hausa ana zaginsa, wani yana cewa ɗaga ta gaba, wani yana cewa an saye shi. Yaron nan ɗan shekara ashirin da 'yan kai ne, yana jin muryoyin dubban mutane a kansa. Karo na gaba da ƙwallo ta zo masa ba zai ƙara tunani ba, sai ya rufe ido ya narka ta sama. Wa ke jiranta a can? Dogayen 'yan bayan baƙi guda biyu, waɗanda babu abin da suke so a duniya irin ƙwallon sama da ke tahowa a gabansu. Su sa kai su mayar, mu sake ɗagawa, su sake mayarwa. Haka za a yi ta yi har minti na 75, sai mu fara kiran a cire lamba shida a sa ɗan gaba na uku. Idan kocin mai tsoro ne ya bi maganarmu, tsakiya ta zama fili fetal, ƙwallo ɗaya ta kuɓuce, barewar nan da ta yini tana hamma ta kwasa da gudu, shi ke nan an ci mu ɗaya mai ban haushi. Daga nan sai mu ce rafali ne. Wallahi na ga wannan fim ya fi sau ashirin, 'yan wasa ne kawai ke canjawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, mutanen nan da ke zagin ɗan wasanmu don ya mayar da ƙwallo baya, su ne da daddare a gidan kallo suke yabon Guardiola idan 'yan wasansa suka yi ta mayar da ita har wurin mai tsaron raga. Su ne har yau suke ba da labarin yadda Inter ta Mourinho ta je Barcelona a 2010, aka ba Thiago Motta jan kati, suka tsare da mutum goma, aka ci su ɗaya kawai suka wuce wasan ƙarshe. A can sunansa dabara, idan ɗan Ibadan ko ɗan Gombe ya yi sai ya zama tsoro ko cin hanci. Wannan raina na gida ne, ba wani abu ba.

Mu zo ga lissafi, tunda yawancinmu 'yan kasuwa ne. Ƙungiya 20 ce a gasar, kowace tana buga wasa 38, 19 a gida 19 a waje. Ka ɗauka an cika wa Kawu burinsa an cinye duk wasannin gida, 19 sau uku, maki 57 ke nan. Enugu Rangers da ta ɗauki kofi a 2024, da maƙwabtanmu Remo Stars ta Ikenne da suka ɗauka a 2025, sai da kowace ta kai maki 70. Ragowar daga ina ta fito? Daga waje, daga filayen mutane, inda babu mai yi maka ihu sai na zagi. Kuma ƙungiyar da aka saba wa cewa a gida dole ta ci ko ta halin ƙaƙa, ba ta koyon yadda ake riƙe ƙwallo, ba ta koyon yadda ake tsare gida, ba ta koyon natsuwa. Ranar da ta fita waje ko ta shiga gasar Afirka sai asirinta ya tonu.

Tarihinmu ma shaida ne. A 1976 Shooting Stars, lokacin ana kiranta IICC, ta zama ƙungiyar Najeriya ta farko da ta ɗauki kofin nahiyar Afirka, zamanin su Segun Odegbami da Muda Lawal da Best Ogedegbe. Sun ci Tonnerre ta Yawunde 4 da 1 a Legas, suka je Kamaru aka ci su 1 da nema, suka dawo da kofi. Wato sun iya ci, sun kuma iya hana a yi musu ruwan ƙwallaye a gidan wani. A 1992 da aka ɗauki kofin CAF na farko, canjaras babu ci aka tashi a Uganda kafin a zo Ibadan a ci uku. A 1996 kuwa, a wasan ƙarshe da Zamalek ta Masar, mun ci 2 da 1 a nan gida, kowa ya tafi yana murna, aka je Alƙahira suka rama 2 da 1, aka tafi bugun fenareti suka ɗauke kofin. Ƙwallo ɗayan nan da ta shiga ragarmu a Ibadan, da ba ta shiga ba, da labarin ya sha bamban. Duk mai cewa a gida tsaron baya ba shi da amfani ya je ya tambayi wanda ya ga 1996.

'Yan'uwana magoya bayan Pillars, ku ma ga naku. Babban abin alfaharin ƙungiyar a Afirka shi ne fitar da Al Ahly a 2009, alhali Al Ahly ce ke riƙe da kofin. Da me aka fitar da ita? 1 da 1 a Najeriya, 2 da 2 a Alƙahira. Babu wasan da Pillars ta ci a cikin biyun, kunnen doki biyu ne suka yi aikin, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Da a ce ranar da aka tashi 1 da 1 a gida an shiga fili an fasa kan rafali, wa zai je Alƙahira?

Wannan ya kawo ni inda maganar ta fi nauyi. Pillars ta yi shekara 12, daga 2003 zuwa 2015, ba a ci ta a gida a gasar ƙasa ba, sai da Nasarawa United ta zo ta karya tarihin. Ƙungiya ce mai ƙarfi a lokacin, ta ɗauki kofi a 2008, 2012, 2013 da 2014, ban hana ta yabonta ba. Amma irin wannan tarihi yana haifar da wata cuta a zukatan 'yan kallo, a Kano da Aba da Ibadan da ko'ina: sai mutum ya fara ganin maki ukun gida kamar gonar gado ce, wanda ya taɓa ta ɓarawo ne. A watan Oktoban 2025 mun ga ƙarshen wannan tunani. Shooting Stars ta je filin Sani Abacha, Pillars na gaba da ci ɗaya, ana dab da tashi aka farke, aka tashi 1 da 1. Wasu 'yan kallo suka ɓalle cikin fili, aka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan Shooting, duniya duka ta gani a waya. Hukumar gasar ta cire wa Pillars maki uku, ta ci ta tarar miliyoyin naira, ta rufe mata filinta ta koma buga wasannin gida a Katsina. Ahmed Musa, wanda ya ɗaga sunan Kano a duniya, shi aka bari da ba da haƙuri. Ku lissafa da kanku: an yi fushi don an samu maki ɗaya maimakon uku, aka ƙare da asarar uku a kai, ga asarar gida. Wane ɗan kasuwa ne zai yi irin wannan ciniki?

Amma ni ba makin ne ya fi damuna a daren ba. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to mu mazauna kurmi mun san wannan karin magana ba kullum take cika ba. Wanda ya yi jifa a Ƙofar Mata ya koma gida ya ci tuwo ya kwanta. Mu da ke Sabo, taku kaɗan daga filin ƙungiyar da aka daki 'ya'yanta, mu ne muka kwana muna duba waya, muna tunanin ko a buɗe shago da safe. Maƙwabcina Bayarabe, wanda muka fi shekara ashirin muna zama benci ɗaya a fili, ya nuna mini hoton ya ce, "Aboki, ka ga mutanenka?" Cikin raha ya faɗa, amma sai da na ji ta har ƙashi. Alhamdu lillahi a layinmu babu abin da ya faru, kuma mutanen gari sun nuna dattaku. To amma wanda ya ga abin da ya auku a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, inda 'yar taƙaddama tsakanin mutum biyu ta zama asarar rayuka da ƙone shaguna da gidaje, ba zai ƙara raina ƙaramar wuta ba.

Shi ya sa maganar matashin nan ta tsaya mini a wuya. Ƙanina, idan kana karantawa, da kai nake. Ranar da aka taɓa rafali a Adamasingba, kuma aka ga fuska ɗaya tak ta ɗan Sabo a cikin hoton, babu wanda zai ce magoya bayan Shooting ne suka yi. Za a ce Hausawa ne. Mai jifa ɗaya ne, amma mai sayar da tsire a Mokola da mai canji a bakin titi da tsohuwa mai fura duk sai sun biya. Ba adalci ba ne, na sani, amma haka zaman yake, kuma mai hankali da yadda duniya take yake aiki.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce, Malam, kai ba ka bin ƙungiya waje, ba ka ga yadda ake yi mana ba, a ƙara minti goma har sai masu gida sun ci, a ba da fenaretin da ko makaho ba zai bayar ba. Na ji, kuma ban ce ƙarya ba ne, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Amma ku dubi yadda abin yake zagayawa. Rafalin da ya san idan aka tashi canjaras ba zai fita lafiya ba, me kuke zaton zai yi a minti na 90? Zai nemi hanyar tsira da ransa ne. Tsoron da muke dasa masa a gidanmu shi ne dai tsoron da ke sa ya cuce mu a gidan wasu. Kowa yana ramawa a kan wanda ya zo hannunsa, gasar tana lalacewa, masu kuɗin talla suna gudu, yaranmu suna komawa Arsenal da Chelsea. Sa'annan mu zauna muna tambaya me ya sa tun bayan Enyimba a 2003 da 2004 babu ƙungiyar Najeriya da ta sake ɗaukar babban kofin Afirka.

Wani kuma zai ce, ai da kuɗina na shiga, ina da ikon in yi ihu. Ƙwarai kuwa, yi ihunka har muryarka ta dushe, don haka aka gina benci. Kuɗin tikiti ya saya maka kujera da minti 90 na kallo, bai saya maka sakamako ba. Kuma idan ihu za ka yi, ka yi wanda zai amfani ƙungiyar. Yi wa mai tsaron ragar baƙi ihu idan yana ɓata lokaci. Tafa wa lamba shida idan ya ƙwace ƙwallo ya ajiye ta a ƙafar ɗan'uwansa. Idan aka kai minti na 70 babu ci, lokacin ne yaran suka fi bukatar ganga da waƙa, a nan ne kuma muka saba yin tsit ko mu fara zagi. Mun ɗanɗana faɗuwa rukuni na biyu a 2017, sai 2021 muka dawo, shekarar da aka sake buɗe filin bayan gyara. Wanda ya tuna waɗancan shekarun ya san abin da ya fi kunnen doki ciwo.

Ga abin da nake fata ranar Lahadi, in Allah Ya kai mu. Ina so a ci, ko da ɗaya ce, ko da a minti na 85 ne, matuƙar ragarmu ba ta motsa ba. Idan aka tashi canjaras zan ji haushi, zan dawo teburin mai shayi mu yi ta musu da Kawu har a kashe fitila, shi ya kori koci ni in dawo da shi. Idan ma aka ci mu, baƙi su shiga bas ɗinsu lafiya, rafali ya fita ta ƙofar da ya shigo, Litinin kowa ya buɗe shagonsa. Ina kuma roƙon iyayenmu da limamanmu na Sabo da su sa baki, kada a ce ai ƙwallo ce, wasan yara ce. Duk abin da zai tara dubban matasa wuri ɗaya a bakin unguwarmu ya cancanci kalma ɗaya bayan sallar Juma'a.

Ni dai zan kasance a wurina na kullum, da ƙaramin ɗana a gefe, karo na biyu ke nan da zan kai shi. Ƙanina na ƙarshen benci, zo ka zauna kusa da mu, ni zan sayi gyaɗa. Amma idan na ga ka sunkuya za ka ɗauki wani abu a ƙasa, wannan karon ba zan yi shiru ba.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya kare mana mutuncinmu a inda muke neman abinci, Ya ba mai rabo sa'a.